Geron da Nomau Ya Hana a Daka

Mutanen Likoro sun daɗe da Nomau, amma ba su taɓa sabawa da yadda yake kallon hadari ba. Sama za ta haɗe baƙi ƙirin, mata na gudun kwashe shanya, masu awaki na jan igiya, shi kuwa sai ya fito fili ya tsaya, hannu a ƙugu, fuska a sama, yana murmushi shi kaɗai. Har gemunsa ya yi fari bai bar wannan hali ba. Dogo ne siriri, yana jan ƙafa in yana tafiya irin na wanda ya tashi cikin yashi, ga shi da taurin kai wanda ko shi ba ya musun yana da shi. In ka nuna masa hanya mai sauƙi zai gode maka har da sa albarka, sannan ya juya ya bi tasa.

Asalinsa mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye can arewa da Dakwaro, inda damina ke leƙowa ta wuce kafin a gama yi mata maraba. Farin shekarar tamanin da huɗu ne ya koro shi. A shekarar an yi shuka ta ƙone, an sake ta ƙone, dabbobi suka bi ɗaya bayan ɗaya, rijiyar gari ta koma ba da laka. Da mutane suka cinye abin da ke rumbu sai suka juya kan irin shuka suka cinye shi ma, don ba mai tunanin baɗi da cikin da ya kwana ba komai. Nomau kaɗai ya ƙi. Ya sussuke irinsa, ya cuɗa shi da toka saboda ƙwari, ya ɗura a burgami, wato jakar fatar akuya, ya ɗinke bakin. Duka-duka bai fi kwano ɗaya da ɗan ƙari ba.

Geron kuwa ba kowane gero ba ne, a wurinsa dai. Gajere ne, zangarniyarsa ba ta da tsawo, amma yana nuna da wuri, ruwa kaɗan ya ishe shi. Shi ubansa ya noma, shi kakansa ya noma, kowace kaka ana zaɓen kawunan da suka fi cika a ajiye. Nomau ya san in abin da ke burgamin nan ya ƙare, geron gidansu ya ƙare ke nan a duniya, domin tsabar agajin da ake rabawa jar dawa ce ta wata ƙasa, ta ci ce ba ta shuka ba.

Suka taso kudu a ƙasa, shi da matarsa Kulu, da 'yarsu Indo, da ƙaraminsu Ya'u goye a bayan uwarsa. Soja sun rufe iyaka a lokacin, don haka ta daji suka ratso. A wannan dajin yaron ya kamu da gudawa, nonon Kulu kuma ya riga ya ƙafe. Ta roƙi mijinta ya farke burgamin ta ɗebi tafi ɗaya, ta wanke tokar, ta dama wa yaron kunu. Nomau ya ce ta yi haƙuri, gobe za su isa gari ya yi ƙwadago ya sayo abinci. Ya ce bakin jakar in aka buɗe shi sau ɗaya, an buɗe ke nan. Gobe ta yi ba su isa ba. Suka binne Ya'u a gindin wata aduwa, suka ci gaba da tafiya. Ko kunun zai tsayar da shi ko ba zai tsayar ba, Allah kaɗai ya sani, kuma wannan rashin sanin ne ya fi cin ransu su biyun. Kulu ba ta taɓa yi masa gori ba. Ta dai daina taɓa burgamin, ko shara ta zo yi kewaye shi take yi.

Rake ne ya kawo su ƙasar Kudan. A wata tasha suka ji ana cewa wajen Makarfi da Kudan fadamu ba su mutu duka ba, ana neman masu sara. Haka suka faɗo Likoro da rani, a hannun wani dattijo mai suna Maiwada, mai gonar rake da injin mazarƙwaila irin wanda doki ke juyawa. Nomau na sara da safe, da rana yana tura rake a bakin inji, ya dawo gida hannu duk kaikayi, riga na danƙo. Kulu kuma tana surfe da daka a gidajen mutane. Maiwada ya ba su wani ɗaki a gefen gari wanda da can taki yake ajiyewa a ciki. Katanga ɗaya ta raba su da Barnaba, Kirista ne mutumin wajen Zonkwa, wanda ya zo leburanci a hukumar aikin gona, soja suka rage ma'aikata aka sallame shi, ya duba ya ga gara ya nemi gona a nan da ya koma gida hannu rabbana. Matarsa Matta daddawa take yi, kuma muryarta kan riga ta isa duk inda za ta. Ita ta fara miƙo wa Kulu tukunya ta kan katanga ba tare da an roƙe ta ba, ita kuma ta koya mata tuƙa tuwon masara, wanda Nomau ya daɗe yana ci yana cewa cika ciki ne kawai.

Zaman baƙunta a shekarun nan sai da dabara. Sabulu da madara da man girki sai an bi layi a Makarfi, soja na tsaye da bulala, baƙo kuwa ba ya son wurin da za a tambaye shi daga ina. Takin zamani masu biyan haraji ake raba wa, Nomau ko warinsa bai ji ba. Sannan rediyo ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya tattara ya bar ƙasar, aka riƙa ganin manyan motoci na wucewa arewa maƙare da mutane da tabarmi da tukwane. Nomau ya kwance rawaninsa ya cusa ƙarƙashin shimfiɗa, ya ɗora wata hula da Maiwada ya ba shi, wadda ta tsaya masa a tsakar ka kamar murfin tulu. A kasuwa ya koma ciniki da yatsa, don da ya buɗe baki ya ce "munka" ko "anka" an gane shi. Abokan hira a majalisar bakin masallaci suna kiransa Ɗan Faransa, su ce masa ga soja nan tafe, ya zabura, su yi ta dariya. Amma ranar da aka zo tambaya da gaske, masu tsokanar nan su ne suka ce ba su san wani baƙo a garin ba, Maiwada kuma ya gaya wa mai unguwa cewa mutanen gidansa ne. Maganar ta mutu a nan.

Da bazara ta matso, Nomau ya je ya durƙusa gaban Maiwada ya roƙi aron gona. So yake ya shuka irin nan ya sabunta shi, don ya san irin da ya daɗe a jaka ba a ba da shaidarsa. Dattijon ya zaga da shi wurare biyu da ba ya nomawa. Na farko tudu ne, jar ƙasa mai tsakuwa, ko ciyawa ba ta cika son wurin ba. Na biyu wani kwari ne kusa da rafi, ƙasa baƙa mai laushi, wadda ko a tsananin zafin nan in ka tona da yatsa za ka ji sanyi. Maiwada ya gaya masa gaskiya. Ya ce tudun ya fi masa, domin kwarin nan in damina ta yi kyau ruwa na kwanciya a ciki, wani lokaci ya daɗe bai janye ba.

To, a nan aka samu matsala. A garin su Nomau, gonar da ruwa ke kwanciya a cikinta ita ake gado, ita ake shari'a a kai, ita ake nuna wa baƙo ana alfahari. Shi tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin ruwa ya yi wa shuka yawa ba. Da ya ji dattijo na cewa ruwa na daɗewa a wurin, sai ya ɗauka kara ce irin ta manya, mutum ya ba ka abu mai daraja yana kushe shi don kada ka ji nauyi. Ya kama hannun Maiwada da hannu biyu yana godiya har idonsa ya kawo ruwa. Maiwada ya maimaita gargaɗin, Nomau ya maimaita godiyar. Dattijon ya kaɗa kai ya ce Allah ya ba da sa'a. Shi ma dai ya ga rafin ya jima bai cika ba, ya ce wataƙila baƙon ya dace.

Barnaba ya ga maƙwabcinsa na shirin shuka a shimfiɗe, ya ce masa ko ba komai ya tayar da kunya, har ya yi tayin ara masa garma. Nomau ya gode, ya ce a wurinsu wanda ya ɗora iri a kan tudun ƙasa ya miƙa wa rana ne. Ya sa wa sunguminsa doguwar ƙota, ya shiga kwari da ruwan farko. A al'adarsu miji na gaba yana sara rami, mace na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Kulu ta ce tana da surfen mutane. Shi kaɗai ya yi aikin mutum biyu, ya sare layi, ya dawo ya bi shi da iri. Matta ta lura, ta tambayi Kulu, Kulu ta ce kanta ke ciwo. Matta ba ta sake tambaya ba, abin da ba halinta ba ne.

Rabin irin ya shuka ya ajiye rabi, don taurin kai gare shi ba wauta ba. Ruwan farkon nan kuwa ya yaudari kowa, ya sauka sau ɗaya ya ɗauke. Abin da ya tsira rana ta ƙone, abin da bai tsira ba fakara suka tone. Da ruwa ya dawo, Nomau ya yi bismilla ya zazzage burgamin har ƙwayar ƙarshe, ya rataye shi wayam a bangon ɗaki.

Wannan karon geron ya fito kamar an zana shi, kore shar, layi-layi, ba giɓi. Masu zuwa rafi sukan tsaya su yaba. Nomau, wanda ya daɗe bai ɗaga murya a garin ba, ya fara ba da fatawar noma a majalisa, yana gaya wa Zage-zagi cewa wahalar huɗar da suke sha ta banza ce. Suka ce to Ɗan Faransa, Allah ya kai mu tsakiyar damina. A kwanakin ne wani mutumin yankinsu ya biyo ta Likoro zai koma gida, ya ce labari ya zo ruwa ya sauka a can, sai dai ba iri, abin da aka raba musu ba ya nuna kafin ruwa ya ɗauke. Ya tambayi Nomau ko na gidansu na nan. Nomau ya kai shi bakin kwari ya nuna masa, ya ce ya gaya wa mutanen gida su ba shi shekara guda.

Allah kuwa ya kai su tsakiyar daminar. Ta tamanin da biyar ta zo da ramuwa, ruwa yau, ruwa gobe, na safe daban na yamma daban. Kwanakin farko Nomau a cikin ruwan yake tsayawa, riga jiƙe sharkaf, yana hamdala. Sai rafi ya cika ya tumbatsa, ya malalo cikin kwari ya samu wurin zama. Geron bai kai gwiwa ba a lokacin, ruwa ya kai masa wuya. Nomau ya jira ya janye, bai janye ba. Ya haƙa hanya don ya kore shi, ruwan rafi ya biyo hanyar ya ƙaru. Ya ɗauko ƙwarya ya yi ta kwarfa yana watsawa gefe tun safe har la'asar, ruwan na zagayowa ta bayansa yana komawa inda ya fito. Ba wanda ya yi dariya, ko da yake abin ya isa dariya. Ganyen ƙasa ya fara yin rawaya, na sama ya sunkuya.

Tsoro ya kama Nomau irin wanda bai ji ba ko a dajin iyaka. Ba yunwa yake tsoro ba, aikin rake na nan, ba za su rasa tuwo ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne, in geron nan ya ruɓe a nan, to ya hana ɗansa kunu ne don ya kawo wa ruwan Likoro. Wannan tunanin ya hana shi cin abinci, ya hana shi haɗa ido da Kulu.

Rannan da hantsi yana zaune a bakin kwarin, ƙwarya a gefe, sai ga Barnaba da Matta za su gonarsu. Matta ta tattare zani ta shiga ruwan, ta sa hannu ta tumɓuke gindi guda, ta duba saiwar, ta shinshina. Nomau ya miƙe zai hana ta. Ta ce saiwar fara ce har yanzu, ba ta fara wari ba, in aka kwashe shi yau ko gobe aka kai tudu zai rayu. Ta ce a garinsu haka suke yi wa dauro, geronsu na can: a yafa shi wuri ɗaya, in ya tasa a cire a dasa a kan kunya, kuma tun kakanninsu da shi suke cika rumbu.

Nomau bai taɓa jin magana irin wannan ba. A ƙasarsu abin da aka cire wajen rage shuka jefarwa ake yi, kafin ka juya ya bushe, don rana ba ta ba saiwa damar kama wata ƙasa. Mai tumɓuke gero a tsaye kuwa ko mahaukaci ne ko maƙiyi.

"Ke dai bar shi, maƙwabciya," in ji shi. "In shina mutuwa, shi mutu inda na sa shi. Ban iya kashe shi da hannuna."

Barnaba ya lallashe shi, ya ce shi da kansa zai tayar da kunya a tudun Maiwada, Nomau ba zai yi asarar ko gumi ba. Nomau ya gode, ya sa albarka, ya koma ya zauna. Matta ta ce wa mijinta su tafi, ta kuma faɗa da ƙarfi yadda har masu wanki a rafi za su ji, cewa ba ta taɓa ganin kai mai tauri irin wannan ba, dutsen niƙa ma ya fi shi jin magana. Ba gona ta wuce ba, gari ta koma. Abin da ta gaya wa Kulu, Nomau bai taɓa sani ba.

Bayan azahar ya hango Kulu tafe ta hanyar rafi, ita da ba ta taɓa taka gonar ba. Ba ta ce masa sannu ba. Ta ɗaure zaninta tamau, ta shiga ruwan har ƙauri, ta sunkuya ta kama gero ta ja. Ta ajiye, ta ja na biyu. Ya kira ta, ya tambaye ta ko ta san abin da take yi. Ta ɗago, laka har gwiwar hannu.

"Na bizne ɗana saboda geron ga," ta ce. "Ba ni zama in ga ruwa ya canye shi."

Tun ranar da suka bar gindin aduwar nan, wannan ne karo na farko da ta ambaci abin. Nomau ya dube ta. Can ya naɗe ƙafar wando ya shiga ruwan a bayanta.

Washegari aka yi dashen. Da aka je neman izinin tudun, Maiwada bai ce ai na gaya maka ba, kuma Nomau ya riƙe masa wannan alherin har ƙarshen ransa. Sai ma dattijon ya aiko da garma da goro. Barnaba da wasu daga cikin masu tsokanar majalisa suka tayar da kunya, Kulu na cirowa tana ƙullawa tana kaiwa tudu. Matta ta zauna da wuƙa, ta tattara ganyen kowane ƙulli ta yanke rabinsa, wai don kada ganye ya shanye ƙarfin saiwa. Da Nomau ya ga wuƙa a kan geronsa sai ya juya baya, ya ce wa Barnaba ya gaya wa matarsa ta yi a hankali. Matta ta ce ta ji, ta ci gaba da yankanta yadda take yi. Nomau aka ba aikin takewa, a kwantar da dashe a jikin kunya, ya danne gindin da diddige. Wannan kam ya iya, tun yana yaro yake yi.

Bayan kwana biyu tudun ya zama abin tausayi. Dashen duk ya kwanta ya yi yaushi, guntayen ganyen sun koma launin kara. Masu wucewa na yi masa sannu irin wadda ake yi wa mai zaman makoki. Nomau ya daina zuwa majalisa. Da gari ya waye zai je ya tsuguna a bakin kunya ya duba, ya wuce noman rake. Kulu ba ta tambaya, fuskarsa take dubawa. Matta kuwa kullum ta kan katanga cewa take a ba shi lokaci, haka dashe yake yi, sai ya yi kamar ya mutu tukuna. Nomau a ransa yana cewa wanda ya mutu ma ai haka yake yi.

Sai wata safiya, bayan an kwana ana yayyafi, ya tsuguna kamar kullum, ya ga wani abu a tsakiyar wani gindi da ya riga ya fid da rai da shi. Sabon ganye ne, siriri, a naɗe, ya hudo ta daidai inda wuƙar Matta ta bi. Ya matsa gaba ya ga wani. Ya bi kunyar da rarrafe har ƙarshenta, ya shiga ta biyu, ya shiga ta uku, babban mutum da gemunsa yana rarrafe a gona yana magana shi kaɗai. Daɗi ya kama shi har ya rasa wace addu'a zai fara. Da ya koma gida Kulu na tankaɗe. Ta dubi jar lakar da ke gwiwoyinsa, ta dubi fuskarsa, ta tsaya. Ya ce mata geron ya tashi. Ta ce alhamdu lillahi a hankali, ta ci gaba da aikinta, amma ya ga ta daɗe tana kaɗa rariyar da ba komai a cikinta.

Ba duka ya tashi ba. Fiye da rabi ya tafi, wanda ya rayu ma bai yi ƙarfin da ya saba ba. Da yake kuma mai saurin nuna ne, ya fid da kai ya riga na mutanen gari, don haka tsuntsayen Likoro kaf suka gane hanyar tudun. Nomau ya kafa rumfa ya riƙa wuni yana kaɗa gwangwani yana kururuwa. Muryar da ya ɓoye a kasuwa ta fito duka, har 'yan majalisa suka ce yanzu kam ko sojan Zariya sun san akwai Ɗan Faransa a Likoro. Ya yanke geron ana tsakiyar ruwa, ba ranar shanya, suka rataye shi a ɗaki a kan igiya bisa hayaƙin murhu, suka yi ta fama da tari har ya bushe. Abin da aka samu, in don ci ne, ba zai kai su ko'ina ba. In don iri ne kuwa, ya ninka abin da ya fito da shi daga gida nesa ba kusa ba.

Ranar da ya gama bushewa, Nomau ya baje zangarniyar a tabarma a tsakar gida yana zaɓen masu cika, yadda ya ga ubansa na yi. Ya tanadi toka, ya tanadi basilla da zare, zai sussuke ya ɗinke kamar yadda ya yi a baya. Kulu ta fito daga ɗaki ta tsuguna a gefen tabarmar. Ta sa hannu cikin zaɓaɓɓun ta raba su kashi uku, ta ɗaure kowane da igiyar rama. Ya tambaye ta na mene ne. Ta ce ɗaya na rumbun Matta ne, ɗaya na Baba Maiwada, su shuka a gefen gonakinsu baɗi, su ma su riƙa ajiyewa. Na ukun nasu ne, a ciki za a ɗebar wa mutanen gida. Nomau ya fara bayanin cewa geron gidansu ne, tun kaka da kakanni bai taɓa fita hannun dangi ba. Ta bar shi har ya kai aya.

"Iri ba shi ƙara kwana hannun mutum guda," ta ce. "Randa yunwa ta komo, ba kai ɗai za a tambaya ba."

Nomau ya so ya yi musu, don halinsa ne. Sai dai wani sauƙi ne ya sauko masa, irin na wanda aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya. Ya zauna a gefen turmi ya yi kukan da bai yi ba ranar da suka binne Ya'u. Kulu ba ta hana shi ba. Ta jira ya gama, sannan ta miƙa masa ƙulli ɗaya, ta ce ya kai wa Baba Maiwada kafin ruwa ya sauko.